Lambar da likita ya rubuta a gefen takardar gwajin Baba: NLR da ramar tsoka a sankarar hanta

Yar_Baba
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda zai fahimtar da ni wani abu, don tun jiya nake juya takardar gwajin mahaifina na kasa gane kanta. Wata huɗu ke nan da aka tabbatar mana yana da sankarar hanta, ashe ya daɗe da ciwon hanta nau'in B ba mu sani ba. Shekararsa 61. Jiya da muka koma asibiti likita ya duba sakamakon jini, ya ɗauki biro ya rubuta "NLR 5.8" a gefen takardar, ya ja layi a ƙasa, sannan ya ce da abokin aikinsa tsokar Baba tana tafiya. Na so in yi tambaya, amma mutane sun cika a waje, Baba kuma ya gaji da zama.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne sikeli bai nuna ya rame ba. Kilo 62 ne wata biyu da suka wuce, jiya ma 62. Amma ni da nake tare da shi kullum ina ganin agogonsa yana yawo a wuyan hannunsa, gefen goshinsa ya lotsa, in zai tashi daga kujera sai ya dafa da hannu biyu. To ta yaya lambar da aka ciro daga jini za ta gaya wa likita tsoka na zaizayewa? Kuma 5.8 ɗin nan tana nufin ciwon ya yi nisa ke nan?

Gambo_77
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Bari masana su shigo.

Malam_Leb
'Yar'uwa, sannu da jinya. Ni aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, don haka zan tsaya kan abin da na sani. NLR ba wani gwaji ne na daban da aka yi wa Baba ba, lissafi ne kawai daga gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini da ake yi wa kowa. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai nutrofil, su ne masu fara fita idan jiki ya ji an taɓa shi, akwai kuma limfosait, su ne masu gane maƙiyi su riƙe kamanninsa, har da ƙwayoyin sankara. Sai a raba adadin na farko da na biyu. A mai lafiya yawanci yakan faɗa tsakanin 1 da 3. Duba takardar ki rubuto mana nutrofil, limfosait da filatilet (ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare), in akwai albumin (furotin da hanta ke yi) da CRP (furotin da ke tashi idan akwai kumburi a jiki) su ma ki haɗa.

Yar_Baba
Na gode Malam. Nutrofil 5.2, limfosait 0.9, filatilet 110. A ɗaya takardar albumin 30, CRP 24.

Malam_Leb
To kin gani, 5.2 a raba da 0.9, shi ne 5.8 ɗin da likita ya rubuta. Ki lura nutrofil ɗin ma bai wuce ƙa'ida ba, limfosait ne suka yi ƙasa. Shi ya sa in mutum ya kalli kowace lamba ita kaɗai sai ya ga kamar babu komai.

Likitan_Hanta
Ƙanwata, Allah ya ba mahaifinki sauƙi. Ba zan iya yanke hukunci a kan mara lafiyar da ban gani ba, amma zan faɗa miki abin da ke faruwa a jikin irin waɗannan marasa lafiya.

NLR alama ce ta kumburi a jiki, amma kumburin da muke magana a kai ba irin wanda ake gani da ido ba ne. Wuta ce garkuwar jiki ke kunnawa, a mai sankara kuma ba ta mutuwa, tana ci a hankali dare da rana. Ƙarin da ke cikin hanta da ƙwayoyin garkuwar da ke kewaye da shi suna sakin wasu sinadarai a jini, manyansu IL-6 da TNF. Shi TNF ɗin a shekarun 1980 har an taɓa kiran sa kakektin saboda ramar da yake jawowa. Waɗannan sinadarai suna yin abubuwa da yawa a lokaci guda. Suna sa ɓargo ya ƙara fitar da nutrofil, limfosait su ja baya. Suna umartar hanta ta rage yin albumin ta koma yin CRP. Suna kashe sha'awar abinci. Sannan a cikin tsoka suna buɗe hanyar da ake farfasa furotin, jiki ya riƙa kwasar naman kansa yana ƙonawa. Don haka ba wai NLR ke auna tsoka ba. Tushe ɗaya ne ke ɗaga lambar kuma yake cin tsokar, shi ya sa ake yawan ganin su tare.

A mai ciwon hanta akwai wani abu kuma bayan wannan. Hantar da ta ƙandare ba ta iya ajiye sukari yadda ya kamata. Mai lafiya zai kwana bai ci komai ba, ajiyar hantarsa ta riƙe shi har safe. Mai ƙandararriyar hanta kuwa kwana ɗaya ba ci yana kama da yunwar kwana biyu zuwa uku a wurin mai lafiya, jiki sai ya juya kan tsoka don ya samu makamashi. Ga kuma amoniya da hanta ta kasa tacewa, tana ƙara wani sinadari mai suna mayostatin wanda aikinsa hana tsoka girma.

Maganar sikeli kuwa, ki duba cikinsa da ƙafafunsa. In ruwa ya fara taruwa, mutum zai rasa kilo uku na tsoka ya tara kilo uku na ruwa, sikeli ya ce babu abin da ya canza. Agogon nan da kika gani ya fi sikelin gaskiya.

Yar_Baba
Wallahi Dakta cikinsa ya ɗan ɗaga, ya ce wandonsa na matse shi a ƙugu. Ni har na yi murna na zaci ƙiba ce ta fara dawowa.

Dalibin_Likita
Wannan batu ne da nake ta karatu a kansa. A ganina ya kamata a ce kowane mai sankarar hanta ana lissafa masa waɗannan lambobin tun ranar farko, tunda jinin an riga an ɗauka. Ba NLR kaɗai ba. Akwai PLR, wato filatilet a raba da limfosait. Akwai SII da masu bincike a Shanghai suka fitar a 2014, kuma a kan masu sankarar hanta suka fara gwada shi: filatilet sau nutrofil a raba da limfosait. Akwai PNI na Onodera daga Japan tun 1984, albumin a tara da limfosait sau biyar. Na Baba zai zama 30 a tara da 4.5, wato 34.5, ya yi ƙasa sosai. Ga kuma ma'aunin Glasgow: CRP sama da 10 da albumin ƙasa da 35 maki biyu ke nan, mafi girma. Duk sun nuna hanya ɗaya. In haka ne me ya sa za a jira sai an auna tsoka a hoton CT? Jini ya riga ya ba da amsa.

Dakta_Rakiya
@Dalibin_Likita lissafinka daidai ne, amma inda ka kai shi ban yarda ba. Kuma ka tuna 'yar mara lafiyar tana karantawa, ka jero mata lambobi huɗu ka ce duk sun nuna hanya ɗaya.

Na farko, ba shaidu huɗu ba ne. Limfosait 0.9 ɗin nan shi ne a cikin NLR, shi ne a PLR, shi ne a SII, shi ne a PNI. Albumin 30 ya shiga biyu. Mutum ɗaya ne ka kira sau huɗu ya maimaita magana.

Na biyu, kusan duk an gina su ne a kan tunanin cewa hanta na aiki. A mai ƙandararriyar hanta saifa takan kumbura ta riƙe filatilet, kuma hanta ce ke yin sinadarin da ke sa ɓargo ya samar da su. Sai filatilet su faɗi, PLR da SII su fito da kyau alhali mutumin ya fi kowa jin jiki. CRP ma hanta ke yin sa, in ta gaza sosai ba zai tashi yadda ya kamata ba. Albumin kuma zai iya yin ƙasa don hanta ta kasa yin sa, ko don kumburi, ko don ruwa ya tsinka jini. Wanne daga ciki kake aunawa?

Ina amfani da NLR a aikina, ba na raina shi. Idan aka tara marasa lafiya da yawa, waɗanda nasu ya yi sama sun fi samun matsala bayan tiyata, ciwon ya fi dawo musu, kuma an fi samun ramar tsoka a cikinsu. Wannan an gani a bincike da dama. Amma abin da yake gaskiya a kan taron mutane ba lallai ya zama gaskiya a kan dattijon da ke zaune gabanka ba.

Nas_Binta
Ni abin da zan ƙara daga abin da muke gani a ɗakin kwanciya: kafin a tsorata da NLR a tambaya ko mutum na da zazzaɓi, ko fitsari na masa zafi, ko tari, ko ciwon ciki. Masu ruwa a ciki ruwan kan kamu da ƙwayoyin cuta ba tare da wata babbar alama ba. Sannan magungunan siteroid irin su deksametason suna ɗaga nutrofil su sauke limfosait cikin kwana ɗaya. Wanda aka yi wa aikin toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin ma, CRP ɗinsa kan tashi na 'yan kwanaki. @Yar_Baba ko Baba ya yi zazzaɓi kwanan nan?

Yar_Baba
Anti Binta, jikinsa ya ɗan yi ɗumi daren Talata, kuma yana yawan zuwa fitsari. Ban gaya wa likita ba, na ɗauka maganin rage ruwan da aka ba shi ne.

Nas_Binta
Ki kira su yau ki gaya musu, kada ki bari sai ranar komawa. Mai irin ciwonsa ba a wasa da zazzaɓi komai ƙanƙantarsa.

Abu_Safwan
Ku yi haƙuri in shigo da tambayar jahili. Ni na san AFP ake dubawa a sankarar hanta, yayana shi aka riƙa auna masa duk wata. Yanzu kuma ina jin NLR da CRP. An daina amfani da AFP ɗin ne?

Likitan_Hanta
@Abu_Safwan ba a daina ba, aikinsu ne ya bambanta. AFP daga ƙwayoyin ƙarin yake fitowa, yana ba da labarin ƙarin, ko da yake akwai masu sankarar hanta da yawa da nasu ba ya tashi ko kaɗan. NLR da CRP kuwa labarin yadda jiki ke mayar da martani suke bayarwa. Har akwai wani ma'auni da aka wallafa a 2022 mai suna CRAFITY da ya haɗa su biyun, CRP da AFP, don hasashen yadda masu karɓar maganin zaburar da garkuwar jiki za su kasance.

Wannan ya dawo da ni kan tambaya ta biyu ta mai post, wadda har yanzu ba mu amsa ba: ko 5.8 na nufin ciwon ya yi nisa. Nisan ciwo ba da NLR ake yanke shi ba. Tsarin da aka fi bi shi ne na Basalona, wanda aka fara fitarwa a 1999, mai matakai 0, A, B, C da D. Yana duba girman ƙarin da yawansa, ko ya shiga babbar jijiyar jinin hanta ko ya fita zuwa wani wuri, sannan ƙarfin hantar da ta rage, sannan yadda mutum ke iya hidimar kansa. Ƙarfin hanta kuma akan auna shi da makin Child-Pugh: bilirubin (sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya), albumin, saurin daskarewar jini, ruwan ciki da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Maki 5 zuwa 6 A ne, 7 zuwa 9 B, 10 zuwa 15 C. Ƙanwata, waɗannan biyun za ki tambayi likitansa: wane mataki yake, kuma hantarsa A ce ko B ko C. NLR ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake yi shi ne ya sa likita ya ƙara buɗe ido.

Dalibin_Likita
Na karɓi gyaran @Dakta_Rakiya a kan limfosait, ban kalle shi ta nan ba. @Yar_Baba ki yafe ni in na tayar miki da hankali. Amma har yanzu ina da ja. Tsarin Basalona da Child-Pugh babu wanda ya sa tsoka a lissafi, alhali mun san mutum biyu za su zo a mataki ɗaya, mai tsoka ya jure magani, ramamme ya kasa. An ga haka da maganin sankarar hanta mai suna sorafenib, masu ƙarancin tsoka sun fi samun illar da ke sa a rage musu magani ko a tsayar. To in ba kowane asibiti ne ke auna tsoka ba, ba gara a yi amfani da jini a tace waɗanda za a fi sa wa ido ba?

Dakta_Rakiya
A matsayin abin tacewa, na yarda. A matsayin madadin awo, a'a. Kuma ka tambayi kanka a wace lamba za ka ja layi. Wasu binciken sun ɗauki 2.5, wasu 3, wasu 5. Galibi kowane rukuni ya duba marasa lafiyarsa ne bayan an gama komai ya zaɓi lambar da ta fi raba su. Mai 4 yana cikin haɗari a wannan takarda, yana lafiya a waccan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kusan duk mai sankarar hanta an riga an yi masa CT ko MRI don a ga ƙarin. Tsokar tana nan a cikin hoton. Yanka ɗaya ake ɗauka a daidai ƙashin baya na uku na ƙugu, a zagaye tsokar da ke wurin, a raba faɗinta da tsayin mutum sau tsayinsa. Ba sabon hoto, ba sabuwar allura. Sau da yawa babu wanda ya nema ne kawai.

Malam_Leb
Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba game da inda za a ja layin. Mutane da yawa 'yan asalin Afirka da wasu sassan Gabas ta Tsakiya nutrofil ɗinsu a halitta ya fi na sauran jama'a ƙasa, saboda wani bambancin gado da ya shafi rukunin jini na Duffy. Lafiyarsu ƙalau, ba cuta ba ce. Amma yawancin binciken NLR a sankarar hanta an yi su ne a gabashin Asiya da Turai da Amurka. Wanda nasa na yau da kullum 1 ne, in ya kai 2.8 ya kusa ninka uku, amma takarda za ta ce bai kai layi ba. Shi ya sa na fi son a jera sakamakon mutum na watanni a ga inda ya dosa, maimakon a kama lamba ɗaya.

Dakta_Rakiya
Haka ne Malam. Awon tsokar ma bai tsira daga wannan ba. Ƙungiyar likitocin hanta ta Japan ta sa iyaka a 42 ga maza, 38 ga mata. A Arewacin Amurka ana amfani da 50 da 39. Namiji mai 45 ramamme ne a Arewacin Amurka, lafiyayye a Japan.

Ummu_Khalil
Ni ba likita ba ce, jinyar mijina na yi shekara ɗaya da wata biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da nake so in gaya wa 'yata mai post shi ne kada ta yi kuskuren da na yi. Akwai ranar da ya ruɗe, yana kiran sunan ƙaninsa da ya rasu, bai san inda yake ba. Bayan ya dawo hayyacinsa wani ma'aikaci a asibitin ya ce mana mu yanke masa duk wani abinci mai furotin, wai shi ke hawa kansa. Na bi maganar sau da ƙafa wata uku. Yana roƙo ina hana shi, ina ganin taimakonsa nake yi. Ranar da nake canza masa riga na ga ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito kamar an rataye rigar a jikin ƙusa, na shiga banɗaki na yi kuka. Da muka ga wata likita daga baya ta ce ai an daɗe da barin wannan shawarar. Har yau abin yana cina.

Gambo_77
Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ki ladan jinya Hajiya.

Likitan_Hanta
Allah ya gafarta masa. Hajiya, kin yi abin da aka gaya miki ne da zuciya ɗaya, laifin ba naki ba ne. Tsohuwar koyarwa ce, kuma har yanzu tana yawo. Abin da aka gane shi ne tsoka ita ce wuri na biyu da ke kwashe amoniya daga jini idan hanta ta gaza. In aka hana furotin tsoka ta narke, ruɗewar ma sai ta ƙaru. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta fitar a 2019 ita ce giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, nauyin da aka cire ruwa. Wanda nauyinsa na gaskiya 58 ne, kusan giram 70 zuwa 87 ke nan. A rarraba ci kaɗan-kaɗan, kada a bar shi da dogon zama ba ci, kuma ya ci wani abu kafin ya kwanta don a gajarta yunwar dare. Mai matsalar ƙoda lissafinsa daban ne, sai an zauna da masanin abinci na asibiti.

Sai dai in faɗi gaskiya, in wutar kumburin nan tana ci sosai, abinci kaɗai ba ya mayar da tsokar da ta tafi. Yana rage gudun tafiyar. Ina faɗar haka ne don kada mai jinya ta ga tana ciyarwa ramar ba ta tsaya ba ta ɗora wa kanta laifi.

Sadiq_Fit
Me zai hana a ba shi irin allurar da masu ɗaga ƙarfe ke yi don tsoka ta fito? Na ga tana aiki cikin sati kaɗan.

Nas_Binta
Don Allah a'a. Waɗannan magungunan da kansu suna lalata hanta, har an danganta su da fitowar ƙari a cikinta. Ko garin furotin na gwangwani kada a ba shi sai likitansa ya ga abin da ke ciki.

Mai_Gashin_Kashi
Na zo a makare. Ina so in ja hankali kan cewa yawan tsoka daban, ƙarfinta daban, kuma jini ba ya nuna ko ɗaya kai tsaye. Tun da Irwin Rosenberg ya ƙirƙiro kalmar sakopeniya, wato ramar tsoka, a 1989 ana maganar yawan nama ne, amma ƙa'idar Turai da aka sabunta a 2018 ta sa ƙarfi a gaba. Akwai ɗan ƙarfen da ake matsewa a tafin hannu, ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ne. In babu shi, kujera ta isa: mutum ya rungume hannuwansa a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai ya dafa, an samu amsa. @Yar_Baba kin ce Baba sai ya dafa da hannu biyu, to kin riga kin yi gwajin ba ki sani ba.

In za ki riƙa aunawa a gida, ki sa tef a tsakiyar damtsensa, wuri ɗaya, hannu ɗaya, duk sati biyu, ki rubuta. Kada ki auna sha-raɓa, ruwa na sauka can ya ruɗe ki. Motsa jiki kuma yana taimakawa ko da tafiya ce a tsakar ɗaki da tashi-zauna, amma a fara tambayar likita ko an duba jijiyoyin maƙogwaronsa da kan kumbura su fashe, da kuma ko ciwon ya taɓa ƙashi. Ban da ɗaga abu mai nauyi yana riƙe numfashi.

Abu_Safwan
Wannan na kujera da na sani da na yi wa yayana. Mu kullum AFP muke kallo, in ya sauka mu yi murna, shi kuwa yana ta ƙarewa a gabanmu.

Malam_Leb
Tunda an zo nan, akwai lamba ɗaya a takardar jini da ta fi NLR kusanci da tsoka, wato kiriyatinin, don daga tsoka yake fitowa. Mutane na ganin ya yi ƙasa su ce ƙoda lafiya lau. A ramamme yana iya zama tsokar ce babu, har ya ɓoye matsalar ƙoda, ya kuma sa makin MELD, wani ma'aunin tsananin ciwon hanta, ya fito ƙasa da yadda ciwon yake. Wasu na haɗa shi da sistatin C, wani gwajin ƙoda da bai cika dogara da tsoka ba, don su gyara wannan.

Yar_Baba
Salam. Na dawo bayan kwana goma sha biyu. Anti Binta, Allah ya saka da alheri, na kira su a ranar, aka gwada fitsari aka samu ƙwayoyin cuta, ya sha magani na sati ɗaya. An sake jini shekaranjiya: nutrofil 3.6, limfosait 1.0, CRP 15, albumin yana nan 30. Na yi lissafin da kaina, 3.6. Na tambayi likita abin da Dakta ya ce in tambaya, ya ce hantar B ce mai maki 7, matakin kuma zai zauna da mu da yayana ranar Litinin ya yi mana bayani. Na roƙe shi a auna tsokar a tsohon hoton CT, ya yi mamaki amma ya aika. Sun ce 38.8. Na gwada shi da kujera, ya yi uku ba dafawa, a na huɗu ya kama hannuna.

Dalibin_Likita
Alhamdu lillahi da aka kama ciwon fitsarin. Amma ku lura, bayan an magance shi ma lambar ba ta koma ƙasa da 3 ba, CRP bai sauka ƙasa da 10 ba, kuma hoto ya tabbatar da ramar. Jinin bai yi ƙarya ba tun farko.

Dakta_Rakiya
Daga 5.8 zuwa 3.6 cikin kwana goma sha biyu, tsokarsa kuwa ba ta ƙaru da komai ba a wannan lokacin. Da a kan 5.8 aka tsara masa magani fa? Kuma hoton da aka auna na wata huɗu da suka wuce ne, yanzu wataƙila ta ƙara raguwa. @Yar_Baba ranar Litinin ki tambaya ko za a sake awon a hoto na gaba, a kwatanta.

Ummu_Khalil
'Yata, yana cin abin kafin kwanciyar?

Yar_Baba
Yana ci Mama, amma loma huɗu ko biyar sai ya ce cikinsa ya cika. Na fara raba masa sau shida a rana. Damtsen na auna yau da safe, santimita 23. @Mai_Gashin_Kashi in ya kasa kai biyar a kujerar, in bar shi a ukun yana maimaitawa, ko in riƙa tallafa masa ya cika?